Abin da Aka Gani a Jinin Auta

Kafin a buga wa mutum bizar aiki ta Saudiyya sai an auna lafiyarsa, kuma ba a asibitin da ya ga dama ba. Akwai tsarin da Majalisar Lafiya ta ƙasashen Larabawan yankin Gulf ke gudanarwa, wanda a da aka fi sani da GAMCA, yanzu ake kira Wafid. Mutum zai shiga intanet ya cike bayanan fasfonsa, ya biya kuɗi, kwamfuta ta zaɓar masa asibiti daga cikin waɗanda aka amince da su. A can za a ɗauki hoton ƙirjinsa saboda tarin fuka, a ɗebi jini da fitsari, a duba ido da hawan jini da suga, a nemi ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta nau'in B da na C. Hukuncin a taƙaice yake, ko ya dace ko bai dace ba, kuma ba a takarda kaɗai yake tsayawa ba, kwamfutarsu yake shiga. Shi ya sa masu hangen nesa ba sa tunkarar wannan gwaji kai tsaye. Sai sun fara zuwa wani ɗakin gwaji na kuɗi sun auna kansu a asirce, su san matsayinsu.

Abin da Auta ya yi ke nan. Ɗan autan yayata ne, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda wani kamfani a Jidda ya ɗauka aiki ta hannun ejan. Ƙaƙƙarfan saurayi ne da ke saɓa injin na'ura a kafaɗa ya hau bene da shi, ban taɓa jin an kwantar da shi a asibiti ba. Ya zo mini bayan sallar isha'i da takarda a ninke huɗu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo ta kansa a sunkuye.

"Kawu, duba mini wannan. Wai ina da ciwon hanta."

Layuka ne a jere, kowanne an nuna babu komai, sai guda ɗaya. A ƙarƙashin haruffan HBsAg wani ya ja layi da jan biro har sau biyu, ya danna sosai har takardar ta kusa hudewa.

Ba tafiya kaɗai wannan jan layi zai rusa ba. Yaya filinta na gado ta sayar ta biya ejan. An kuma kai kuɗin gaisuwar yarinyar da yake nema, ga shi tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Kano, ciwon hanta na cikin abin da ake dubawa. Sannan takardar ba ta faɗi wani abin da hankali zai ƙi ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan ƙwaya, kuma galibin masu ita garau suke yawo, ba su sani ba. Rigakafinta bai shiga jerin alluran yara a ƙasar nan ba sai 2004, Auta kuwa an haife shi kafin nan.

Abu ɗaya ne ya hana ni miƙa wuya a daren. 'Yan watanni kafin wannan, matar wansa ta zubar da jini wajen haihuwa, mijin yana hanyar Legas da mota, Auta ne ya kwanta aka ɗebi leda guda a jikinsa. Ba a karɓar jinin mutum sai an nemi wannan ƙwayar a ciki. An nema, ba a gani ba, an ɗaura wa mai jego. To, idan tun yana ƙaramin yaro ya ɗauka, kamar yadda akasarin masu ita a nan suke ɗauka, ina ta ɓuya a ranar?

Zargin farko a kan ɗakin gwajin ya faɗa, don shi ya fi sauƙi. Kwalaben jini da yawa ne a kan tebur ɗaya, a sauya wa ɗaya suna ba abu ne mai wuya ba. Washegari na kai shi wani ɗakin gwajin a wata unguwa, na tsaya a kansa har aka rubuta sunansa a jikin kwalbar ina kallo. Da yamma sakamako ya fito. Akwai.

A nan ne ejan ya shigo da nasa maganin. Ko a jikinsa, ya ce, "Alhaji, ai wannan ƙaramin abu ne. Akwai mai haɗa mana jiƙo, mako ɗaya ya wanke jini tas." Da ya ga ban amsa ba sai ya rage murya, ya ce in ta kama ma ana iya neman wani ya ba da jini a madadinsa. Duka biyun na ƙi, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna. Hantar da ake tsoron tana ciwo ita za a ɗura wa haɗin da babu wanda ya san abin da ke cikinsa, alhali duk abin da aka sha ta hannunta yake bi. Shi kuwa jinin aro, ko an tsallake a nan, ana sake aunawa a Saudiyya kafin a ba mutum iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda aka kama a can gida za a maido shi, kuɗi ya tafi, suna ya ɓaci, ciwon kuma yana nan inda yake.

Sai muka nemi likitar hanta a babban asibiti. Dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta ɗora takardun biyu gefe da gefe, ta zare tabarau ta kusanto da su fuskarta, ta daɗe a kan wani wuri da ni ban ma kula da shi ba. A ƙasan kowace takarda akwai ƙananan lambobi da na'ura ta buga, ɗaya na iyakar da ake cewa akwai, ɗaya na abin da aka samu a jinin. Na Auta da ƙyar ya haura iyakar. A takarda ta biyu ma ya ɗan fi matsowa ƙasa.

"Masu ɗauke da ita tun yarinta, lambarsu kan yi nisa da nan sosai," in ji ta. "Wannan a bakin ƙofa yake. Amma kada ku yi murna tukuna, Malam. Sabon kamu ma haka yake farawa."

Ta juya ga Auta ta jero masa tambayoyi. An taɓa yi masa ƙarin jini? An yi masa ƙaho, ko tsaga, ko an cire masa haƙori a gefen titi? Wa ke yi masa aski, da askar wa? Yana miƙa hannu ga masu yawon yankan farce? Ta ce in ɗan ba su wuri, ta yi masa tambayar da ba a yi a gaban kawu. Da na dawo sai ta ƙara ɗaya: "An yi maka allura kwanan nan, a kemis ko a gida?"

"A'a, Likita. Ai ban yi rashin lafiya ba."

Ta rubuta gwaje-gwaje biyu nasa, ta kuma ce duk mutanen gidan su zo a auna su.

Yaya ta fito babu. 'Yan matan gidan babu. Mai jego babu, abin da ya sa kowa ya sauke ajiyar zuciya, don da jinin Auta na da ƙwaya da ita ce ta farko da za ta nuna. Amma wansa, direban nan da bai taɓa ko ciwon kai mai tsanani ba, nasa ya fito akwai, kuma lambarsa ta yi wa iyakar nisa ƙwarai, irin wadda likita ta kwatanta.

Ga kowa a gidan, magana ta ƙare. Kilifa ɗaya suke aski da ita shi da Auta duk ranar Juma'a, wani lokaci har reza ɗaya ta gyaran fuska. Wannan ƙwaya kuwa tana iya yin kwana 7 a raye a busasshen jini a kan ƙarfe, ɗan abin da ido ba ya gani ya isa. Wan ya shiga ɗaki ya rufe, yana ganin shi ya kashe wa ƙaninsa tafiya. Kafin kwana biyu na tarar an ware musu kofi da kwano, an ɗaura wa cokulansu jan zare. Wannan ya fi takardar ƙona mini rai. Ba a ɗaukar ciwon hanta nau'in B ta cin abinci tare, ko musabaha, ko tari. Ta jini ake ɗauka, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Sai da na sa Yaya a gaba muka je ta ji daga bakin likita, sannan aka kwance zaren.

Ni ma na yarda da labarin kilifa. Ya haɗa komai: jini mai kyau a watannin baya, ƙaramar lamba yanzu, ga kuma tushe a ɗaki ɗaya. Sai gwaje-gwajen Auta suka dawo suka ƙi bin labarin.

Na farko ya nuna hantarsa lafiya lau take aiki, babu alamar kumburi. Na biyu shi ne wanda likita ta fi jira. Ta ɗauki biro ta zana da'ira, ta zana wata ƙarama a cikinta.

"Abin da suka gani a jininsa rigar ƙwayar ce, ta waje. A cikin rigar akwai ƙwayar kanta. Duk jikin da ya taɓa gamuwa da ta cikin yakan ƙera mata wata garkuwa ta musamman, kuma alamar takan zauna a jini har tsufa. Wansa yana da ita. Shi ba shi da ita."

"Wato ba shi da ciwon, Likita?"

"Wato ko ba shi da shi, ko kuwa ya kamu ne kwanan nan ƙwarai, jikin bai kai ga ƙera garkuwar ba. Hanya ɗaya ce za ta raba mana gardama, kuma da tsada."

Gwajin da take nufi shi ne wanda ke neman ƙwayar kanta ya ƙirga yawanta a jini, wanda a takarda ake rubuta HBV DNA. Idan sabon kamu ne, a wannan lokacin ƙwayar tana tsakiyar hayayyafa, ba ta da wurin ɓuya. Muka haɗa kuɗin, aka ɗebi jini, aka ce sai an tara samfura kafin a kunna na'ura. Jiran nan ya fi komai wahala. Ejan yana bugo waya safe da yamma, wai kamfani zai ba wani gurbin. Auta ya daina fita aiki, ya rame a tsaye.

Sakamako ya zo: ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba. Likita ta ce a sake gwajin farko a ranar, a na'urar asibitinsu. Shi ma ya fito babu. Abin da ɗakunan gwaji biyu suka gani makonni uku da suka wuce ya ɓace, ba magani, ba jiƙo.

Yaya ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta ce addu'a ce, kuma ba ni da ja a kan hakan. Auta ya miƙe har yana tuntuɓe da kujera. Likita ce kaɗai ba ta saki fuska ba.

"Zauna, samari. Ciwon hanta ba ya shiga ya fita cikin mako uku bai bar sawu ba. Na'urori biyu kuma ba su haɗa baki sun yi maka ƙarya ba, wani abu suka gani. In ban san abin da ya kawo shi ba, ban san ranar da zai dawo ba. In ya dawo ranar babban gwajin fa?"

Ta koma kan tambayoyinta daga farko, ɗaya bayan ɗaya, amsoshin ba su sauya ba. Ta yi shiru tana juya biro. Daga bisani ta ce to, yaushe yake son zuwa gwajin bizar?

"Ranar Alhamis ta sama, in Allah ya yarda. Talata zan koma a yi mini ta biyu, sai in huta Laraba, in je da ƙarfina."

Biron ya tsaya.

"Ta biyu ta me?"

"Rigakafin nan, Likita. Na tafiya."

Ya buɗe jakar ledar da yake yawo da ita ko'ina, mai fasfo da hotuna da takardar kamfani, ya zaro katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan farin kati da aka maƙala da ƙusar takarda. Ashe ranar da ya je karɓar allurar zazzaɓin shawara da ta sanƙarau, ma'aikaciyar wurin ta ba shi shawara ya haɗa da ta ciwon hanta, tunda aikinsa na ƙarfe ne da yankewa, kuma ba a yi masa yana yaro ba. Shawara ce mai kyau. Ya biya, aka yi masa a dantse, aka rubuta masa ranar dawowa bayan wata guda. Likita ta ɗora farin katin kusa da takardar farko mai jan layi, ta sa yatsa ɗaya a kan kowace kwanan wata. Kwana uku ne tsakaninsu.

"Da na tambaye ka allura fa?"

"Na ɗauka ta ciwo kike nufi. Wannan ai cikin takardun tafiya take."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta jawo zanenta na da'ira biyu, ta soke ta cikin da biro, ta bar ta wajen. Rigakafin ciwon hanta nau'in B, in ji ta, ba komai ba ne illa wannan rigar, babu ƙwaya a ciki. Ana sa wa jiki ita ne don ya san kamannin abokin gaba tun kafin ya zo. Shi kuma gwajin HBsAg rigar yake nema, bai san ko da mai ita a ciki ko babu ba. Idan aka ɗebi jini 'yan kwanaki bayan allura, na'ura mai kaifin gani tana iya tsintar ragowar abin da aka zuba, ta ce akwai. Shi ya sa lambar ta tsaya a bakin iyaka, shi ya sa ta ragu washegari, shi ya sa babu garkuwar da ke nuna an gamu da ƙwayar ciki, babu ƙwayar kanta, hanta kuma ba ta san ana yi ba. Ba kowa ne ke nuna haka ba, kuma a wanda ya nuna yakan gushe cikin mako biyu zuwa uku. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, har sukan ce wanda aka yi wa allurar ya bari wata ya zagayo kafin a nemi wannan alama a jininsa.

Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, har na bi tarihinsa. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya fara cin karo da wannan alama a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, ya wallafa a 1965, tun bai san ta ciwon hanta ba ce. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1976. Daga abin nan guda da ya gano aka samu gwajin da ke tsare jinin da ake ƙara wa marasa lafiya, daga shi kuma aka samu rigakafin. Da farko daga jinin mutane ake tace shi, amma tun 1986 aka fara sa wa yis ya ƙera shi a masana'anta. Gwajin da rigakafin tushensu ɗaya, shi ya sa idan suka haɗu a jini ɗaya cikin mako ɗaya, ɗayan kan kama ɗayan.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne lissafin da na yi a zuci a wurin. Allura ta biyu ranar Talata, babban gwaji ranar Alhamis. Kwana biyu. Da likita ta sallame mu a kan hamdalar Yaya, da Auta ya je ya karɓi allurarsa cikin kyakkyawar niyya, ya kai jininsa inda ba a tambayar dalili, a rubuta bai dace ba a kwamfutar da ba a goge ta da roƙo.

Likita ta tsara masa abin da zai yi a bayan katin. Kada a yi ta biyu ranar Talata. Ya je gwajinsa, ya tafi da farin katin ya nuna tun kafin a ɗebi jini. Tunda kuma za a sake aunawa a can kafin iƙama, kuma tafiyar ta matso, ya bari sai an ɗebi wancan jinin ma, sannan ya karɓi ta biyu a can, ta uku kuma a kan lokacinta. Jinkirin ba ya ɓata ta farko, ba sai an koma daga tushe ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ya watsar, musamman da yake yanzu an san akwai mai ɗauke da ƙwayar a gidansu. Sauran shirin kuwa ba wani abu ba ne mai yawa: ya yi barci sosai, ya zo da fasfonsa da hotuna, ya bi abin da asibitin ya ce game da karin kumallo, kada ya sha wani haɗi da sunan wankin jini, kuma duk abin da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya.

An auna shi ranar Alhamis, sakamako ya fito ya dace. Yanzu haka yana Jidda.

Wanda ya rage mana shi ne wansa, wanda ba don wannan ruɗani ba da har yau bai san abin da ke jikinsa ba. Likita ta ce mai yiwuwa tun yana ƙaramin yaro ya ɗauka, don wanda ya kamu da girmansa galibi jikinsa kan kore ta, yaro ƙarami ne take zaunawa a jikinsa. An yi masa hoton ciki da ƙirgen ƙwaya, hantar ba ta taɓu ba tukuna. Ta ce a yanzu ba ya bukatar magani, amma in lokaci ya yi akwai ƙwayar maganin da ake sha kullum, irin su tenofovir, mai danne cutar ta kare hanta. An hana shi jiƙe-jiƙe da shan magani barkatai, an saya masa kilifarsa shi kaɗai. Jaririyar an yi mata allurar farko tun ranar haihuwa, matarsa da manyan yaransa biyu da 'yan matan gidan duk sun fara nasu rigakafin. Shi kuma duk bayan wata shida zai koma a duba hantar, ni nake raka shi idan ba ya kan hanya.